Motar da ta ƙi gyaruwa: nazarin lamari kan lokacin ɗaukar lauya a Kalifoniya

Amurkawa suna da sunan da suke kiran sabuwar motar da ta fito daga kamfani da lalura a jikinta, a kai ta gyara ta dawo, a sake kaiwa ta sake dawowa da ciwonta. Suna ce mata lemun tsami. Jihar Konetikat ce ta fara yin dokar motoci ta musamman a kan haka a 1982, yanzu kuma kowace jiha tana da tata, ga kuma dokar tarayya ta Magnuson-Moss ta 1975 da ta shafi garantin da aka bayar a rubuce. Akwai lauyoyin da ba su da wani aiki sai wannan. Abin da ke rikita mai mota shi ne sanin ranar da zai nemi ɗaya daga cikinsu. Wanda ya yi gaggawa za a ce masa ya koma gareji tukuna, don babu abin riƙewa a hannunsa. Wanda ya yi nawa kuma yakan iso bayan ya riga ya sa hannu a takardar da ta ɗaure shi, ko bayan wa'adi ya wuce.

Za mu bi lamari guda tun daga farkonsa. Mai motar da alƙaluman motarta misali ne, amma ƙa'idodin dokar na jihar Kalifoniya ne kamar yadda suke.

Yadda abin ya faro

Wata ma'aikaciyar jinya ta sayi sabuwar mota a kan dala 42,000, ta biya wani kaso, sauran kuma bashin banki ne da take biya wata-wata. A wata na huɗu, motar tana da mil 4,800, tana cikin tafiya a babban titi sai injin ya ɗauke ɗif. Fitilun allon gaba suka kama gaba ɗaya, sitiyari ya yi nauyi, birki ya yi tauri bayan taka biyu. Da ƙyar ta gangara gefe. Bayan minti biyar ta tayar, motar ta tashi kamar ba abin da ya faru.

Ta kai garejin dilan da ta saya a wurinsa. Motar ta kwana biyu, aka ba ta takarda an rubuta cewa an gwada ba a ga matsala ba. A wata na bakwai, mil 7,900, abin ya maimaita. Wannan karon motar ta yi kwana uku, aka sabunta manhajar kwamfutar injin. A wata na goma, mil 11,200, ta sake mutuwa a mahaɗar hanya, aka ɗauko ta da motar ja. Na'urar bincike ta nuna lambar matsala P0335, aka canja sensar karanshaf, kwana shida. A wata na goma sha huɗu, mil 15,600, ciwon ya dawo. Makanikan suka ce damin wayoyin injin ne, kuma babu shi a ƙasa sai an aiko. Motar ta yi kwana 21. Jimilla zuwa huɗu, kwana 32.

Yana da kyau a fahimci dalilin da ya sa irin wannan matsala take wahalar da gareji, domin a nan ne rabin gardamar shari'a take. Sensar karanshaf ita ce ke shaida wa kwamfuta inda fistin yake da saurin da injin ke juyawa. In saƙonta ya yanke, kwamfuta ba ta san lokacin da za ta ba da wuta ko ta fesa mai ba, sai injin ya mutu. In sensar ce ta lalace, canja ta ya wadatar. Amma in waya ce ta goge a jikin ƙarfe, ko bakin soket ya yi sako-sako, yankewar ba ta zuwa sai injin ya yi zafi kuma motar tana jijjiga a kan hanya. Makaniken da ya tayar da ita da sanyin safiya ya zagaya unguwa na minti goma ba zai ga komai ba, kuma ba ƙarya ya yi ba da ya rubuta haka. Lambar P0335 ma ba ta ce sensar ta mutu ba, cewa ta yi akwai matsala a layinta, kuma layin ya haɗa da wayar da soket ɗin.

Zuwa na ɗaya da na biyu: lokacin takarda

A wannan matakin mai motar ba ta da buƙatar lauya, kuma da ta je wurinsa ba abin da zai yi mata sai nasiha. Doka ta ba kamfani damar ya gwada gyara sau adadin da hankali zai ɗauka. Aikin da ke gabanta a lokacin shi ne tara shaidar da lauya zai tsaya a kai daga baya, don lauya duk iyawarsa ba ya ƙirƙiro takardar gyaran da ba a rubuta ba.

Takardar gyara ita ce ƙashin bayan komai. Dole ta nuna ranar da mota ta shiga da ranar da ta fita, mil nawa ta shiga da shi, ƙorafin mai mota da kalmominsa, abin da makanike ya gano, da kayan da aka canja. A nan mai motarmu ta yi kuskuren da mutane da yawa ke yi. A zuwa na biyu ta gaya wa mai karɓar motoci cewa injin ya mutu tana cikin gudu, shi kuma ya rubuta “fitilar gargaɗin injin ta kama”. Ta sa hannu ba ta karanta ba, tana saurin komawa aiki. Wata bakwai bayan haka wannan layi guda ya zama makamin kamfani, ya ce zuwa na biyu wata matsala ce daban, don haka sau uku kawai aka kawo mutuwar injin. Da ta tsaya ta ce a gyara rubutun kafin ta miƙa makulli, da minti biyu ya isa.

Takardar farko kuwa, wadda ta ce ba a ga komai ba, ta yi mata amfani fiye da yadda ta zata. Kotunan Kalifoniya suna ɗaukar cewa abin da ke kan mai mota shi ne ya kawo motar ya ba da dama, in gareji ya kasa gano ciwon wannan ba laifinsa ba ne. Saboda haka ko an ce maka “ba komai, tafi da ita”, kada ka fita ba takarda. Akwai kuma abu biyu da ta yi daidai: ta ɗauki hoton allon gaba duk lokacin da motar ta mutu, fitilu da adadin mil suna fitowa, kuma ba ta bari an goge lambar matsala ko an cire batir kafin motar ta isa gareji ba. Kwamfuta tana ajiye bayanin yanayin injin a daidai lokacin da lambar ta faɗo, kuma goge lambar yana tafiya da shi.

Zuwa na uku: lokacin neman shawara

A ganinmu nan ne ya kamata ta fara magana da lauya, ko da ba za ta ɗauke shi a ranar ba. Yawancin masu wannan aiki ba sa karɓar kuɗi a ganawar farko. Dalilin yana cikin dokar garanti ta Kalifoniya, wato Song-Beverly ta 1970, da sashen da aka ƙara mata wanda ake kira dokar Tanner. Sashen ya ce idan cikin wata 18 ko mil 18,000 na farko, duk wanda ya riga zuwa, aka gwada gyara matsala guda sau huɗu ba ta gyaru ba, ko sau biyu idan matsalar na iya jawo mutuwa ko mummunan rauni, ko motar ta yi fiye da kwana 30 jimilla a gareji, to doka za ta ɗauka an ba kamfani isasshiyar dama, sai shi ya kawo hujjar da za ta rushe hakan.

Injin da ke mutuwa a tsakiyar babban titi yana da ƙarfin shiga rukunin sau biyu. Ke nan tun a wata na bakwai ko na goma tana iya kasancewa ta cika sharaɗi, ita kuwa tana jiran zuwa na huɗu saboda abin da ta ji a bakin mutane. Akwai kuma wani sharaɗin da ke ɓoye a littafin garanti: a ƙidayar sau biyu da sau huɗu, idan kamfani ya bayyana a fili cewa a sanar da shi kai tsaye, to sai mai mota ya rubuta wa kamfanin da kansa aƙalla sau ɗaya. Dila ba kamfani ba ne. Ita duk zuwanta da dila take magana, ba ta taɓa aika wa masu ƙera motar ko layi ɗaya ba. Lauya zai gano wannan a minti goma na farko, ya ce ta aika wasiƙa ta hanyar da ke ba da shaidar isarwa, da lambar jikin mota mai alamomi 17, da jerin ranakun gyara.

Kada a ɗauka cewa wuce wata 18 ya rufe ƙofa. Abin da ke wucewa shi ne wannan sauƙin hujja. Muddin matsalar ta bayyana cikin garanti, ana iya yin ƙara, sai dai nauyin nuna cewa an ba da isasshiyar dama ya dawo kan mai mota.

Bayan zuwa na huɗu: inda jinkiri ya zama haɗari

Da ta kira layin kamfani bayan kwana 21 ɗin nan, aka buɗe mata fayil, kuma bayan makonni aka zo mata da tayi: dala 3,000 a hannu da ƙarin garanti, ta ci gaba da riƙe motarta. Tare da tayin akwai takarda mai shafi biyu da za ta sa wa hannu. A sakin layi na ƙarshe an rubuta cewa ta yafe duk wata da'awa a kan wannan mota, wadda ta sani da wadda ba ta sani ba.

Wannan ita ce ranar ɗaukar lauya, kuma ba a wuce ta. Daga lokacin da kamfani ya miƙo abin sa hannu, magana ta bar hannun makanikai ta koma hannun waɗanda aikinsu rage wa kamfani asara, kuma lauyoyi ne suka tsara takardar. Dala 3,000 tana da daɗin ji ga wanda ya gaji da zirga-zirga. Amma a dubi abin da doka ta tanadar. Idan mota ta cika sharaɗi, kamfani zai musanya ta ko ya mayar da kuɗi, kuma mai mota yana da ikon ƙin musanya ya zaɓi kuɗinsa. Mayarwar ta haɗa da abin da ya biya, da harajin saye, da kuɗin rajista, da ruwan bashin da ya riga ya biya, a kuma biya banki ragowar bashin, sannan a ƙara abin da ya kashe saboda lalurar, kamar motar ja da motar haya. Ba a lissafa kayan da dila ko mai mota ya ƙara waɗanda ba na kamfani ba ne.

Abin da ake cirewa shi ne ladan amfanin da aka yi da motar kafin a fara kai ta gyaran wannan matsala. Lissafin a rubuce yake a doka: mil ɗin da motar ke da shi a zuwan farko, a raba da 120,000, a ninka da farashi. A nan 4,800 a raba da 120,000 ya ba da kashi 4 cikin ɗari, wato dala 1,680 daga 42,000. Da kamfani ya yi nasarar cewa matsalar ta gaskiya wayoyi ce kuma sai a zuwa na huɗu aka kawo ta, lissafin zai tashi daga mil 15,600, wato kashi 13 cikin ɗari, dala 5,460. Bambancin dala 3,780 ne, ya ma fi kuɗin da aka yi mata tayi, kuma duk ya rataya ne a kan waccan takarda ta farko da ta ce ba a ga komai ba.

Kamfanin ya kawo hujja uku da ya ƙi mayar da kuɗi. Ta farko rubutun zuwa na biyu. Ta biyu cewa kwana 21 jiran kaya ne, abin da ya fi ƙarfinsa, kuma doka ta yarda a tsawaita kwana 30 idan dalilin jinkiri ya fi ƙarfin kamfani da wakilansa. Ta uku ita ce kyamarar da mai motar ta sa aka haɗa mata a akwatin fis, wai ita ta taɓa wayoyin. Babu ɗaya daga cikin ukun da mutum zai amsa da fushi ko rantsuwa. Ta farko ana amsa ta da bayanan da makanike ya shigar a kwamfutar gareji, da hotunan mai motar masu ɗauke da rana. Ta biyu da tambayar yaushe aka yi odar kayan, kuma motoci nawa ke jiran irinsa. Ta uku kuwa, a ƙarƙashin Magnuson-Moss, sa kayan da ba na kamfani ba shi kaɗai ba ya soke garanti, sai an nuna kayan ne ya jawo lalurar, kuma rasit ya nuna an sa kyamarar a wata na shida, bayan motar ta riga ta mutu sau ɗaya. Takardun cikin gida na kamfani, kamar sanarwar da yake aika wa garejinsa kan matsalar da ta yawaita a wani samfuri, wasu ana samun su a shafin NHTSA, hukumar tarayya mai kula da amincin motoci a kan hanya, amma sauran sai an shigar da ƙara lauya ya nemi a fito da su.

Batun sulhu kafin kotu

Kamfanoni da dama suna da tsarin sasanci kyauta, irin BBB AUTO LINE, kuma za su nuna wa mai mota can. Tsarin yana da kyau ga lamari mai sauƙi: yana ƙarewa cikin kimanin kwana 40, hukuncin yana ɗaure kamfani idan mai mota ya karɓa, mai motar kuma yana iya ƙi. A Kalifoniya, idan kamfani yana da tsarin da jiha ta amince da shi kuma ya sanar da mai mota a rubuce, sai an bi ta nan kafin a iya dogara da sauƙin hujjar Tanner a kotu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne hukuncin mai sasancin yana iya shiga kotu a matsayin shaida. Wanda ya shiga da takardu a warwatse ya faɗi, zai ɗauki wannan faɗuwa ya kai gaban alƙali. Mai motar da kamfani ya riga ya jero mata hujja uku bai kamata ta shiga ɗakin nan ba tare da wani masani ya duba fayil ɗinta ba.

Wa'adi ma ya canja. Dokar AB 1755 da aka sa wa hannu a 2024 ta kawo sabon tsari ga kamfanonin da suka zaɓi shigarsa: a shigar da ƙara cikin shekara ɗaya bayan garanti ya ƙare, kuma kada ya wuce shekara shida daga ranar da aka fara miƙa motar. Wanda ke son neman tarar ladabtarwa, wadda kan kai ninki biyu na asarar idan kamfani ya ƙi bin doka da gangan, sai ya ba da sanarwa a rubuce aƙalla kwana 30 kafin ƙara, motar tana hannunsa. Shi ya sa sayar da motar ko musanya ta a wurin dila saboda gajiya, kafin a yi shawara, kan lalata lamari mai kyau. Haka nan daina biyan bashin banki: banki ba ya cikin rigimar, zai ƙwace motar ya ɓata wa mutum suna a rajistar bashi.

Kuɗin lauya da zaɓensa

Abin da ke hana mutane da yawa shi ne tsoron kuɗin lauya, alhali dokar Song-Beverly ta ce idan mai mota ya yi nasara, kamfani ne zai biya kuɗin lauyansa gwargwadon aikin da aka yi. Duk da haka a karanta yarjejeniya da kyau. A tambaya ko lauyan zai ɗauki kaso daga abin da aka samu ban da wanda kamfani zai biya shi, kuma kaso nawa. A tambaya wa zai ɗauki kuɗin kotu da na ƙwararren da zai duba motar idan aka faɗi. A tambaya yadda yake tafiyar da tayin da kamfani kan yi a ƙarƙashin sashe na 998 na dokar tsarin ƙararraki, domin wanda ya ƙi irin wannan tayi sannan bai samu abin da ya fi shi ba, yana iya rasa kuɗaɗen shari'ar da suka biyo baya, har ya biya na kamfani. Lauyan da ya ce babu wani haɗari ko kaɗan bai faɗi gaskiya duka ba. A kuma duba lasisinsa a rajistar lauyoyin jihar, a san ko shi zai riƙe fayil ɗin da kansa ko wani ma'aikaci ne da ba za a taɓa gani ba.

A lamarinmu, lauyan ya fara da hana ta sa hannu, ya tattara takardun gyara huɗu da rasit ɗin motar ja da na kyamara da takardar bashi, ya aika sanarwar neman a mayar da kuɗi da lissafi daga mil 4,800. Ya kuma ce mata idan injin ya sake mutuwa ta mayar da motar garejin dila, ta tabbatar an rubuta “injin ya mutu ana cikin tafiya”, kada ta kai wa makaniken waje.

Da lamarin ya ɗan bambanta, da amsar ta bambanta. Da canja sensar ya kawo ƙarshen matsalar, babu shari'a. Da ƙorafin ɗan ƙarar roba ne a ƙofa, da wuya ya kai matsayin lahanin da ya rage amfani ko daraja ko amincin mota sosai, wanda shi doka ke nema. Da a Teksas take, akwai hanyar hukumar motocin jihar mai kuɗin shigarwa dala 35 wadda mutane ke bi da kansu, sai dai wa'adinta gajere ne, wata shida bayan garanti ya ƙare ko an cika wata 24 ko mil 24,000, duk wanda ya riga. Da kuma ta hannu ta saya mai ragowar garantin kamfani, to hukuncin da Kotun Ƙolin Kalifoniya ta yanke a Oktoban 2024 a shari'ar Rodriguez ya ce irin wannan mota ba ta cikin ma'anar sabuwa, don haka hanyar tilasta mayar da kuɗi ko musanya ta rufe, sai a nemi diyya ta dokar tarayya ko wasu sassan dokar garanti, kuma wannan tun a zuwa na biyu ya cancanci a tambayi lauya.